Manhajojin yanayi sun haura ɗari kuma bakinsu bai zo ɗaya ba: wa ke haɗa su, wacce za a kama?

Tambaya daga wani malamin labarin ƙasa a makarantar sakandare: "Idan na zo koyar da sauyin yanayi, littafinmu kullum cewa yake manhajojin kwamfuta sun nuna kaza. Da na bincika sai na tarar manhajojin nan suna da yawa, kusan kowace babbar ƙasa da tata, kuma ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Wata ta ce ruwan damina zai ƙaru a yankinmu, wata ta ce zai ragu. Wa ke haɗa su? Ta yaya ake gwada su? Idan sun saɓa, me zan gaya wa ɗalibai?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ka gano haka yake. Manhajojin sun saɓa, kuma masu gina su sun fi kowa sani, domin su da kansu suka kafa wani tsari na ƙasa da ƙasa tun 1995 wanda aikinsa shi ne fito da saɓanin fili a inda za a iya auna shi. Sunansa CMIP. Kafin mu kai gare shi, bari mu ga inda saɓanin ke tsirowa.

Manhajar kwaikwayon yanayi tana yanka sararin sama da teku ne akwati-akwati. A manhajojin da ke ɗaukar duniya baki ɗaya, faɗin akwati yakan kai kilomita 100, a wasu ma ya haura 200, kuma ana jera su hawa-hawa daga doron ƙasa zuwa can sama, daga saman ruwa zuwa ƙarƙashin teku. A kowane akwati kwamfuta tana lissafa zafi da laima da gudun iska bisa dokokin fiziks, ta tura agogo gaba da 'yan mintoci, ta sake lissafi, haka har a cinye ɗaruruwan shekaru. Dokokin nan ba su da ƙasa, wanda Bajamushe ke aiki da shi shi ne na Bajapane. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya fi akwatin ƙanƙanta. Hadarin da ke haɗowa daga gabas da la'asar, tsakiyarsa inda iska ke hauhawa ba ta wuce 'yan kilomitoci ba, alhali Kano da Bichi da Wudil duk suna iya faɗawa cikin akwati guda. Manhaja ba ta ganin wannan hadari. Sai a rubuta mata ƙa'idar kintace: idan zafi da laima a akwati sun kai kaza, a ɗauka kashi kaza ya zama gajimare, kashi kaza ya sauko ruwa. Kowace cibiya da irin ƙa'idarta, kuma daga nan akasarin bambancin ke fitowa.

Syukuro Manabe da Kirk Bryan ne suka fara haɗa lissafin iska da na teku wuri ɗaya a 1969, a cibiyar GFDL da ke Princeton a Amurka. Bayan shekaru goma, a 1979, aka ɗora wa wani kwamiti ƙarƙashin Jule Charney tambayar da har yau ita ce uwar tambayoyin fannin: idan iskar kabon da ke sama ta ninka biyu, aka jira komai ya daidaita, digiri nawa duniya za ta ƙara zafi? Manhajojin cibiyoyi biyu kwamitin ya dogara da su. Ta Manabe ta ba da kusan digiri 2, ta James Hansen na hukumar NASA ta ba da kusan 4. Aka ƙara rabin digiri ta kowane gefe, aka ce tsakanin 1.5 da 4.5. Wannan adadi ya daɗe ana yawo da shi, kusan shekara arba'in.

Da cibiyoyi suka yawaita sai rikici ya ƙaru, saboda kowa gwajin da ya ga dama yake yi. Wannan ya ninka iskar kabon lokaci guda, wancan ya riƙa ƙara ta a hankali, wani tekunsa mai zurfi ne, wani kuma ɗan shimfiɗaɗɗen ruwa ya saka a madadin teku. Idan sakamako ya bambanta, ba mai iya cewa laifin manhaja ne ko na tambayar da aka yi mata. Kai malami ne, ka san ba a fitar da na ɗaya da na biyu a aji idan kowane ɗalibi takardar jarrabawarsa daban. To takardar jarrabawa ɗaya aka rasa.

An fara gyaran ne da iska kaɗai. Wajen 1990 wata cibiya mai suna PCMDI a ɗakin binciken Lawrence Livermore da ke Kalifoniya, ƙarƙashin Larry Gates, ta jagoranci shirin AMIP. Aka ba kowace manhaja zafin saman teku na gaskiya da aka auna daga 1979 zuwa 1988, aka ce ta fito da iska da ruwan sama na waɗannan shekaru. A 1995 aka faɗaɗa abin zuwa manhajojin da ke lissafa teku da kansu, shi ne CMIP, ƙarƙashin shirin binciken yanayi na duniya, WCRP, wanda aka kafa a 1980 kuma hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba tana cikin iyayen gidansa.

Mutane da yawa suna zaton IPCC, wato kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai fitar da rahotanni kan sauyin yanayi, shi ne ke da manhajojin, alhali IPCC ba shi da ko ɗaya, ba ya kuma gudanar da gwaji. Karanta abin da masana suka wallafa yake yi ya auna nauyinsa. Shi ma CMIP ba ya biyan kowa. Yana tsara tambayoyi ne da yadda za a rubuta amsa, kowace cibiya ta je ta yi aikin da kuɗin ƙasarta da manyan kwamfutocinta, bisa radin kanta. Aikin CMIP zagaye-zagaye ake yin sa. Zagaye na uku shi ya ciyar da rahoton IPCC na 2007, kuma a ganina shi ne ya sauya fannin, domin a lokacin ne aka tara sakamakon, kimanin terabayit 36, aka buɗe shi ga masu bincike na ko'ina. Daga wannan lokaci, ɗalibin digiri na uku a Zariya ko Yamai yana iya binciken aibin manhajar Birtaniya ba tare da ya roƙi kowa ba. Zagaye na biyar ya tafi da rahoton 2013, na shida da na 2021. Babu na huɗu, tsallake lambar aka yi. A zagaye na shida cibiyoyi kusan 50 ne suka shiga da manhajoji fiye da 100, bayanan kuma sun yi yawan da wuri ɗaya ba zai riƙe ba, sai aka rarraba su a rumbuna a Amurka da Jamus da Faransa da Birtaniya da Ostareliya da wasu ƙasashe, duk a haɗe ta intanet.

Akwai tambayoyin dole da kowace manhaja za ta amsa kafin a karɓe ta. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce wadda kamar ba a tambayi komai ba: a tsayar da duniya yadda take a 1850, kada a ƙara hayaƙi, kada a sare daji, a bar manhaja ta yi ta gudu aƙalla shekara 500. Manhajar kirki za ta riƙa hawa da sauka, shekarun fari da na ambaliya, amma ba za ta zame gefe ɗaya ba. A shekarun 1990 da yawa ba sa iya wannan. Tekunsu sai ya yi ta ɗumi ko ya yi ta sanyi ba gaira ba dalili, har sai an riƙa cusa masa zafi ko ruwan daɗi da hannu don ya tsaya. Gwada su da juna a fili ya taimaka wajen sa cibiyoyi su gyara tushen matsalar, yanzu kusan an daina wannan ciko. Tambaya ta biyu, a ninka iskar kabon sau huɗu dare ɗaya a bi ta shekara 150. Ba wanda ke tsammanin hakan zai faru, an yi ne don a bugi manhajar da ƙarfi a ga halinta. Ta uku, a riƙa ƙara kashi 1 cikin 100 kowace shekara, wanda ke ninka iskar biyu a shekara ta 70. Sai gwajin AMIP na asali, sannan gwajin tarihi, wanda a zagaye na shida ya kama daga 1850 zuwa 2014, inda kowa ke karɓar jadawali ɗaya na hayaƙin masana'antu, da sauyin hasken rana, da saran daji, da aman duwatsu irin na Krakatau a 1883 da Pinatubo a 1991. Bayan nan ne ake shiga gaba zuwa 2100 da hanyoyi daban-daban, daga wadda duniya ta rage hayaƙi da gaske zuwa wadda aka saki linzami. Hanyoyin nan ba duba ba ne. Kowace tana farawa da "idan mutane suka yi kaza".

Aikin da ya fi cin rai a haɗin kan nan shi ne wanda ba a ba kowa lambar yabo a kansa: daidaita yadda ake rubuta amsa. Duk fayil ɗin da ka buɗe, na Rasha ne ko na Kanada, zafin iska kusa da ƙasa sunansa tas, ruwan sama sunansa pr. Ruwan kuwa ba da milimita ake rubuta shi ba, da kilogiram ne a kan murabba'in mita a daƙiƙa guda, sai ka ninka da 86,400 kafin ka samu milimita a yini. Kalanda ma sai an yi hattara. Wasu manhajojin ba su san shekara mai kwana 366 ba, na Birtaniya kuwa sun daɗe suna aiki da shekara mai kwana 360, kowane wata kwana 30, don haka za ka ci karo da 30 ga Fabrairu a cikin fayil. Wanda bai lura ba ya lissafa ranar faɗuwar damina, sai ya ga ta goce masa da kwanaki.

A sunan fayil kuma za ka ga r1, r2, r3. Manhaja ɗaya ce, tambaya ɗaya, amma an tashe ta daga wurare daban-daban na wancan dogon gudu na 1850. Duk za su nuna ɗumamar ƙarni, amma shekarun farinsu ba za su zo tare ba. Saboda haka 1984 ta cikin manhaja ba ita ce 1984 da iyayenmu suka sha wuya a cikinta ba. Idan ɗalibi ya ce manhaja ta faɗi saboda ba ta nuna fari a wannan shekarar ba, ka nuna masa cewa ba a tambaye ta haka ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne yawan aukuwar fari da tsananinsa a tsawon shekaru talatin ko fiye.

A kan zafin duniya, tarihin manhajojin mai kyau ne. Zeke Hausfather da abokan aikinsa sun ɗauko hasashe 17 da aka wallafa tsakanin 1970 da 2007 suka gwada da abin da ya faru daga baya. Goma sun dace kai tsaye, da aka yi la'akari da cewa wasu sun yi kuskuren kintacen yawan hayaƙin da za a fitar ne, sai adadin ya koma 14.

Amma zagaye na shida ya zo da abin da ya girgiza mutane. A kan waccan tsohuwar tambaya ta Charney, manhajojin zagaye na biyar sun tsaya tsakanin digiri 2.1 da 4.7. Sababbin sai suka baje daga 1.8 zuwa 5.6, ta Rasha a ƙasa, ta Kanada a sama, ta Birtaniya da ta cibiyar NCAR ta Amurka duk sun haura 5. Da aka bi sawu sai aka tarar gajimare ne, musamman na tekun da ke kewaye da Antaktika. Tsofaffin manhajoji sun cika wa gajimaren can ƙanƙara fiye da kima. Idan duniya ta yi ɗumi ƙanƙarar ta narke ta zama ɗigon ruwa, gajimaren ya ƙara haske ya mayar da hasken rana sama, wato ya taka wa ɗumamar birki. Tauraron ɗan'adam ya nuna cewa gajimaren tun asali ruwa ya fi yawa a cikinsa. Aka gyara, birkin ya ragu, zafi ya yi tsalle. To gaskiya ce ta fito, ko gyaran ne ya tona wani aibin da ke ɓoye? Aka mayar da manhajar NCAR shekara 21,000 baya, zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Amurka da Turai. Ta sanyaya duniya da fiye da digiri 11, alhali shaidun da ke cikin lakar teku suna nuna kusan 6. Ta cika zafin kai ke nan.

Wannan ya sa rahoton IPCC na 2021 ya bar tsohuwar al'adar tara manhajoji a raba daidai, kowace da ƙuri'a ɗaya. Ya haɗa da shaidar tarihi da ta zamanin da, ya ce amsar tambayar Charney mafi kusa digiri 3 ce, kuma da alama tsakanin 2.5 da 4. Dama can ƙuri'a ɗaya-ɗayan tana da rauni, domin manhajojin 'yan uwan juna ne. Cibiyoyin Turai da dama teku ɗaya suke amfani da shi mai suna NEMO, manhajar Ostareliya ta ari iskarta daga ta Birtaniya, ta ƙasar Norway kuma ta tsiro daga ta NCAR. Ɗalibai biyar da suka yi bita daga littafi ɗaya, idan amsarsu ta zo ɗaya ba shaidu biyar ka samu ba.

Yanzu ga ruwanmu, inda tambayarka ta fi ciwo. Yankin Sahel yana cikin wuraren da manhajoji suka fi saɓawa a duk duniya. Bayan farin farkon shekarun 1970, Charney ɗin nan ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙarewar ciyayi, wadda aka danganta da yawan kiwo, tana sa ƙasa ta yi fari ta mayar da hasken rana, hadari ya kasa haɗuwa. An daɗe ana ɗora wa makiyaya da manoma laifi da wannan. Gwaji irin na AMIP ne ya sassauta zargin: a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba wata manhaja zafin tekunan duniya kaɗai na 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da kiwo ko saran itace ba, sai ga damina mai albarka ta shekarun 1950 da farin 1970 da 1980 sun fito. Teku ne jagora. Binciken da ya biyo baya ya nuna hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka yana da hannu, domin ya sanyaya arewacin Atlantika, damina ta ja baya zuwa kudu.

Da aka juya ga gaba sai aka rabu. A zagaye na uku manhajar GFDL, wadda ta ƙware wajen kwaikwayon farin ƙarni na 20, ta nuna Sahel zai bushe ƙwarai, wata ta Japan mai suna MIROC ta nuna zai jiƙe sharkaf. Dalilin shi ne daminarmu ja-in-ja ce. Ɗumamar tekunan da ke tsakiyar duniya tana hana hadari tashi a kanmu, ɗumamar arewacin Atlantika da Bahar Rum da hamadar Sahara kuma tana jawo iska mai laima zuwa arewa. Wanda ya rinjaya a manhaja shi ke yanke hukunci, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ya juya sakamakon. Ga kuma aibobin da kusan dukkansu suka gada. Ruwan mashigin tekun Gini yakan yi sanyi a tsakiyar shekara, wanda ke taimaka wa damina ta hauro arewa, amma a yawancin manhajoji ya fi na gaskiya ɗumi. Sannan manhajojin suna sauko da yayyafi kusan kullum da tsakar rana, alhali mu mun san ruwanmu na manyan hadarurruka ne masu tafiya daga gabas zuwa yamma, su sauke da yamma ko cikin dare, a yi kwanaki kafin wani.

Akwai kuma jarrabawar da har yau ba su ci da kyau ba. Shekara 6,000 baya Sahara kore ce, Tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a duwatsun Dabus a yankin Agadas, da kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe mai kimanin shekara 8,000, duk 'ya'yan wancan dogon zamani mai ruwa ne. Idan aka ba manhajoji yanayin hasken rana na lokacin, suna tura damina arewa, amma ba sa kai ta inda shaidu suka nuna ta kai. Ni wannan yana sa ni zargin cewa daminarmu ta fi saurin sauyawa a kan yadda manhajojin ke nunawa.

Duk da haka ba a tashi hannu rabbana ba. A zagaye na biyar da na shida, mafi yawansu sun karkata ga cewa tsakiyar Sahel da gabashinsa, wato har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar da Chadi, za su samu ƙarin ruwa, musamman a ƙarshen damina, yammaci kuwa wajen Senegal zai ragu. Karkata ce, ba tabbas ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ruwan zai riƙa zuwa da ƙarfi a lokaci guda, kuma wannan an riga an fara gani: binciken Christopher Taylor da abokansa na 2017 ya nuna manyan hadarurruka mafi tsanani a Sahel sun ninka uku tun 1982. Zafi kuwa babu manhaja ko ɗaya da ta ce zai ragu, kuma ƙarin zafi yana shanye laimar ƙasa ko da ruwan ya ƙaru.

Za ka ci karo da taswirori masu ƙananan akwatuna daga shirin CORDEX, wanda aka fara a 2009 aka kuma sa Afirka a gaba, da akwati mai kilomita 50. Suna fito da tsaunin Jos da gaɓar teku da kyau, amma daga manyan manhajojin suke karɓar iskar da ke shigo musu ta gefe, don haka idan uwar ta karkace 'yar ma takan bi ta. Kyan taswira ba ya nufin saɓanin ya ƙare. Afirka ta Yamma ba ta da manhajarta a jerin CMIP, amma gudummawar da ta fi tasiri tana hannunmu, wato ma'aunan ruwan sama da ake karantawa kowace safiya ba fashi, irin bayanan da hukumar NiMet da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke tarawa. Da su ake gane wace manhaja ce ta san daminarmu.

Ga ajinka kuwa, IPCC yana da taswirar intanet kyauta da ta fito tare da rahoton 2021. Ka zaɓi Afirka ta Yamma, ka buɗe wa ɗalibai taswirar zafi ta ƙarshen ƙarni, sannan ta ruwan sama, a hanyar hayaƙi ɗaya. Inda aka ja layuka a karkace a kan launi, ana nufin manhajojin da suka yarda da juna kan ƙaruwa ko raguwa ba su kai kashi 80 cikin 100 ba. Ka sa su nemo layukan a taswirar farko, su nemo a ta biyu, su rubuta yankunan da suka samu, sannan ka sauya hanyar hayaƙin daga mai yawa zuwa mai kaɗan su sake dubawa.